Ciwon asma da ƙari a gaban mace: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin mata masu fama da asma, wadda iyayenmu ke kira fuka, musamman wadda ta wayi gari ta ji wani abu ya tsiro mata a gaba, ko ta ga jinin da ba lokacinsa ba. Wasu tambayoyin 'ya'ya ne ke yin su a madadin iyayensu mata, don kunya ba ta barin tsohuwa ta buɗe baki. Zancen al'aura ne, na sani, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka zan kira kowane abu da sunansa.

Shin asma tana kawo ƙari a farji?

Babu wata hujja ta likitanci da ta tabbatar da haka. Asma cuta ce ta hanyoyin iska a huhu: su kumbura, su tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Ƙari a farji kuwa da nasa dalilan daban, kuma asma ba ta cikin abubuwan da likitocin mata ke lissafawa idan suna maganar haɗarinsa.

Abin da ke rikita mutane shi ne yawan masu asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da ita a shekarar 2019. Sankarar da ke farawa daga farji kuma ba ta da yawa: kimanin mata 18,000 take kamawa a shekara a duk duniya. Idan cuta ɗaya ta bazu haka, dole a samu matan da ke ɗauke da duka biyun, kamar yadda ake samun mai asma da ciwon haƙori, ba don ɗayan ne ya haifi ɗayan ba.

Amma zancen bai ƙare a nan ba. Akwai wuraren da hanyoyin biyu ke gamuwa da gaske: tari mai daɗewa, wasu magungunan da ake haɗiya, hayaƙin taba, da kuma cututtukan da ke yin shigar burtu su zo da kamannin asma. Su ne sauran amsoshin suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Duk ƙarin da ya fito a gaba sankara ne?

A'a, yawancinsu ma ba sankara ba ne. Akwai ƙullin ruwa da ke fitowa a bangon farji, wani tun daga halitta, wani a kan tabon yagewa ko ɗinkin haihuwa. Akwai kumburin da ke tasowa a gefe ɗaya na bakin farji idan ƙofar wata 'yar jaka mai fitar da danshi ta toshe. Wannan idan ya yi ruwa har zama yake hanawa. Akwai ƙananan tsiro masu kaushi kamar zankon zakara, waɗanda wasu nau'o'in ƙwayar cutar HPV ke kawowa. Akwai kuma saukowar mahaifa ko mafitsara, wadda ba ma ƙari ba ce sam, an yi bayaninta a amsa ta gaba.

Ko idan sankara ce, sau da yawa ba a farjin ta fara ba, gangarowa ta yi daga bakin mahaifa ko cikin mahaifa. Ido da hannu ba sa raba gardama a nan. Sai an duba da abin buɗe gaba, wani lokaci a ɗebi ɗan yankin nama a kai ɗakin gwaji.

Ina da asma, ina yawan tari, yanzu kuma ina jin wani abu kamar ƙwai yana leƙowa a gabana. Mene ne wannan?

Wannan ita ce alaƙar da ta fi kowacce yawa tsakanin asma da abin da mata ke kira ƙari. A ƙasan mara akwai tsokoki da jijiyoyi da ke tallafe da mahaifa, mafitsara da dubura. Haihuwa da yawa, doguwar naƙuda, ɗaukar kaya masu nauyi, yunƙurin bayan gida mai tauri da tsufa duk suna sassauta su. Kowane tari kuma danna kayan ciki yake yi ƙasa. Mace mai asmar da ba a shawo kanta ba takan yi shekaru tana wannan dannawar dare da rana, har wata rana mafitsara ko mahaifa ta turo bangon farji waje. Alamarta: abin ya fi fitowa da yamma ko bayan doguwar tsayuwa, ya koma idan an kwanta, ga nauyi a mara, ga ɗigar fitsari idan an yi tari ko atishawa.

Ba na manta wata dattijuwa mai haihuwa tara da 'yarta ta kawo a tsakiyar hunturu, inhelarta ƙulle a bakin zane, ta kwana uku tari bai bar ta ta runtsa ba. Sai da kowa ya fita daga ɗakin sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Yarinya, wani abu ne ya fito mini a ƙasa, na san ajali ne." Aka kwantar da ita, aka ce, "Inna, yi tari mu gani." Tana yin tarin sai ga abin ya turo, tana sakin jiki ya koma. Mafitsara ce. Wata shida ta yi tana ɓoyewa, tana ta rarraba 'yan kayanta ga jikoki a asirce.

Maganinsa ya danganta da yadda ya sauko. Akwai atisayen matse tsokar ƙasa, kamar mai riƙe fitsari, a ƙirga zuwa 10 a saki, a yi ta maimaitawa kullum na aƙalla wata 3. Akwai zoben roba da ake sakawa ya tokare mahaifar, akwai kuma tiyata. Sai dai in ba a magance tarin ba, ko an yi tiyata abin na iya dawowa. Roƙona ɗaya: kada a kai mace wurin wanzami a yi mata yankan gishiri a kan wannan. Abin da za a yanka mafitsara ce, ƙarshensa yoyon fitsari.

To me ke kawo sankarar farji?

Babban dalili shi ne HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, musamman nau'i na 16. Ita ce dai ke kawo kusan duk sankarar bakin mahaifa, binciken da ya sa Bajamushe Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008. Kamuwa da ita ba shaidar lalata ba ce. Mace na iya ɗauka daga mijinta na sunna, kuma yawancin masu aure suna gamuwa da ita a wani lokaci na rayuwarsu. A cikin mutum 10, wajen 9 jikinsu na kawar da ita da kansa cikin shekara 2. Wadda ta maƙale ce ke juyar da ƙwayoyin fata sannu a hankali.

Haɗarin ya fi yawa ga matan da suka haura shekara 60, da wadda aka taɓa samu da sankarar bakin mahaifa ko alamunta na farko ko da an cire mata mahaifar, da mai shan taba, da mai raunin garkuwar jiki. Mace mai ɗauke da HIV ta ninka sauran mata sau 6 a haɗarin sankarar bakin mahaifa. Wannan batu na garkuwa shi ne ya kai mu ga maganar magunguna.

Inhelar da nake shaƙa kullum ba za ta ja mini wannan ba?

Ba za ta ja ba. Inhela iri biyu ce a yawancin hannaye: mai buɗe ƙirji nan take, irin su Ventolin, wadda galibi shuɗiya ce, da mai hana tashin ciwon, wadda ke ɗauke da ɗan sitiroid, wato maganin rage kumburi. Sitiroid ɗin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, kuma huhu yake nufa kai tsaye, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba. Illarsa da aka fi sani ita ce farin baki da dishewar murya, su ma kurkure baki bayan kowace shaƙa yana rage su.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne wadda ta ji jita-jita ta jefar da inhelar rigakafi. Tari ya dawo, saukowar mahaifa ta ƙaru, sannan a ƙarshe ta koma kan ƙwayoyin haɗiya, waɗanda su ne ainihin abin taka-tsantsan.

Ƙwayoyin sitiroid na haɗiya fa, irin su prednisolone da dexamethasone?

Idan asma ta tashi da ƙarfi, likita kan rubuta prednisolone na kwana 5 zuwa 7. Wannan ceton rai ne, kada a ƙi sha. Matsalar ita ce mai zuwa kemis duk lokacin da ƙirjinta ya ɗaure ta saya da kanta, wata da watanni, saboda ƙwayar ta fi inhela arha. Haka ma 'yan mata da amaren da ke shan dexamethasone a cikin haɗin nan na "sha ka fashe" don su yi ƙiba. Sitiroid na haɗiya yana zaga jiki duka, idan aka daɗe a kansa yana danne garkuwa, ya tayar da suga da hawan jini, ya cinye ƙashi.

A gaban mace, abin da ake fara gani shi ne ƙaiƙayi da farin ruwa mai gudaji kamar kindirmo, yana tafiya yana dawowa, ita kuma tana ta shan maganin sanyi. Sannan jikin da garkuwarsa ta yi rauni ba ya saurin kawar da HPV. A bakin mahaifa, tafiyar daga kamuwa zuwa sankara takan ɗauki shekara 15 zuwa 20, amma ga mai raunin garkuwa tana iya gajarcewa zuwa 5 ko 10. Don haka duk wadda ta daɗe a kan waɗannan ƙwayoyi ta sa gwajin bakin mahaifa a gaba. Kuma kada ta yanke shan su rana ɗaya, domin jiki ya riga ya dogara da su. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

An taɓa samun maganin da ya jawo sankarar farji kai tsaye?

An taɓa, amma ba na asma ba ne. Daga wajen 1940 zuwa 1971 likitoci a Amurka da wasu ƙasashen Turai sun riƙa ba masu ciki wani magani da ake kira DES don hana ɓari. A 1971 likitoci a birnin Boston suka gano wata sankarar farji da ba a saba gani ba a jikin 'yan matan da iyayensu suka sha shi suna ɗauke da cikinsu. Kimanin ɗaya cikin 1,000 na waɗannan 'ya'ya mata ta kamu. An daina ba masu ciki shi tuntuni.

Na yi ɓari, jini ya ƙi tsayawa, ga tari da haki sun taso mini. A kemis an ce asma ce. In yarda?

Kada ki yarda sai an duba ki a asibiti. Akwai wata sankara da ke tasowa daga ragowar mabiyiya. Kusan rabin masu ita suna samunta ne bayan irin cikin nan da babu ɗa a cikinsa sai ƙulli-ƙulli masu ruwa kamar 'ya'yan inabi, saura kuma bayan ɓari, ko cikin bayan mahaifa, ko ma haihuwa lafiya lau. Tana bin jini da sauri, kuma wuraren da ta fi sauka su ne huhu, sai farji. Ke nan mace ɗaya za ta zo da tari, sarƙewar numfashi, wani lokaci kakin jini, ga kuma wani ƙulli mai launin shuɗi-shuɗi a bangon farji. Mai kallo daga nesa zai ce asma ce ta haɗu da ƙari, alhali cuta ɗaya ce mai fuska biyu.

Gano ta ba shi da tsada: gwajin ciki zai nuna kamar akwai ciki alhali babu, sai a auna sinadarin da ke nuna ciki a jini, a yi hoton mara da na ƙirji. Wannan ƙulli ba a yanka shi, ba a matsa shi, ko likita ma ba ya gaggawar ɗibar namansa, saboda jinin da zai ɓalle yana da wuyar tsayarwa. Abin farin ciki, tana cikin sankarorin da suka fi jin magani: fiye da 90 cikin 100 suna warkewa, da yawansu ma su sake haihuwa.

Mahaifiyata tana da sankara a gaba, yanzu numfashi na yi mata wuya. Asma ce ta kama ta?

Asmar da ta fara rana tsaka ga mai sankara abar tuhuma ce. Abubuwa uku ake fara nema. Ƙarancin jini, saboda zubar da take yi: za ki ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari, tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki. Gudan jini da ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu: numfashi ya ɗauke farat ɗaya, ƙirji na suka, wataƙila ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan na gaggawa ne, ba a jiran gari ya waye. Na uku, yaɗuwar cutar zuwa huhu ko taruwar ruwa a ƙirji. Idan an shaƙa mata inhela ba ta ji sauƙi ba, a daina ƙarawa, a nufi asibiti.

Asmata ta fi tashi gab da al'ada. Alama ce ta wata matsala a mahaifa?

Ba alama ba ce. Hawa da saukar sinadaran mace suna taɓa hanyoyin iska. Shi ya sa kafin balaga asma ta fi yawa ga yara maza, bayan balaga kuma ta fi yawa ga mata, kuma masu ciki sukan kasu uku: wasu ta tsananta, wasu ta lafa, wasu ta tsaya yadda take. Ki lura da abu ɗaya: wasu masu asma maganin ciwon mara ne ke tayar musu da ita, irin su aspirin, ibuprofen da diclofenac. Ki rubuta ranakun tashin ciwon da abin da kika sha na wata 3, ki nuna wa likita.

Hayaƙi yana da hannu a ciki?

Hayaƙin taba shi ne abin da ke cutar da ɓangarorin biyu lokaci guda. Yana tayar da asma, yana rage ƙarfin inhelar rigakafi, sinadaransa kuma suna isa har danshin bakin mahaifa su taimaka wa HPV ta zauna. Shisha ma taba ce, ƙamshin tuffa bai canja ta ba.

Hayaƙin itace, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta da turaren tsuguno su kuma ƙirji suke tayarwa. Mai asmar da ta rufe ƙofa da taga ta tsuguna a kan kasko tana neman wa kanta kwanan zaune. Haka kayan matsi da ake cusawa: suna iya ƙona fatar ciki su bar rauni da tabo, kuma suna sa mace ta yi ta jinkiri tana maganin warin da asalinsa wani abu ne daban.

Ina da tsiron HPV a gaba lokacin da na haihu. Yarona muryarsa ta dishe, ana ta ba shi maganin asma ba sauƙi. Akwai haɗi?

Yana yiwuwa, ko da yake ba kasafai ake gani ba. Nau'in HPV na 6 da na 11, masu kawo tsiron gaba, kan shiga maƙogwaron jariri wajen haihuwa, daga baya su tsiro a kan igiyoyin murya, galibi kafin ya cika shekara 5. Kukansa ya yi rauni, murya ta dishe, numfashi ya riƙa ƙara wajen jan iska ciki. Mai asma kuwa ƙararsa ta fi fitowa wajen fitar da iska, muryarsa kuma garau. A kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a leƙa.

'Yata tana da asma. Za a iya yi mata allurar rigakafin HPV?

Za a iya, ko tana kan inhelar rigakafi. Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba na 2023, ta fara a wasu jihohi da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta, sauran jihohi suka biyo baya a Mayun 2024. Irin da aka kawo tana kare nau'i 4: 16 da 18 masu kawo kusan 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, da 6 da 11 da aka ambata a amsar da ta gabata. A 2020 kaɗai mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. Idan yarinyar na cikin zazzaɓi mai zafi ko asmar ta tashi a ranar, a bari ta murmure. Idan wata allura ta taɓa sa ta kumburin fuska ko ɗaukewar numfashi, a gaya wa ma'aikaciya tun kafin a yi.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su, kuma wane gwaji zan nema?

Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, da duk wani ɗigon jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi. Ƙulli mai tauri da ba ya komawa idan an kwanta, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Ga ƙananan yara mata kuma, jini ko wani nama mai kama da inabi a gaba, wannan a ranar ake kai shi asibiti.

Ga wadda ba ta jin komai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, mai HIV daga 25. Gwajin HPV ana maimaita shi bayan shekara 5 zuwa 10, ga mai HIV kuma 3 zuwa 5, na Pap, wato ɗibar danshin bakin mahaifa a duba, ko na shafa ruwan tsami a bakin mahaifa bayan shekara 3. Ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci, kuma kina da damar neman mace ta duba ki.

An tabbatar ƙari ne, za a yi mini aiki. Asma za ta hana?

Ba ta hanawa, shiri kawai take buƙata. Ki gaya wa likitan sa barci yaushe ta tashi miki na ƙarshe, ko an taɓa kwantar da ke a kanta, da ko kin sha sitiroid na haɗiya a watannin baya, domin mai irin wannan tarihi akan ƙara mata shi lokacin tiyata. Ki faɗa idan aspirin ko diclofenac na ɗaure miki ƙirji, don su ake yawan bayarwa bayan aiki. Idan ana mura ko ƙirji na kuka, gara a ɗaga aikin da ba na gaggawa ba. Sau da yawa aikin gaba da allurar baya ake yin sa, ba sai an sa bututu a maƙogwaro ba, wannan kuwa sauƙi ne ga mai asma.

Idan sankarar farji ce, babban maganinta gashi ne, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, na waje da na ciki, sau da yawa haɗe da kemo, wato maganin kashe sankara da ake sawa ta jini. Gashin a ƙugu ake yin sa, ba ya kaiwa huhu. Wasu magungunan kemo, irin su paclitaxel da carboplatin, kan tayar da sarƙewar numfashi ana cikin ƙarin ruwan, don haka ma'aikatan su san kina da asma tun ranar farko. Akwai sassan gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a Nijar kuma cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai. Gashi yakan ɗauki makonni ana zuwa kusan kullum, saboda haka ki nemi masauki kusa, ki buga waya ki tabbatar da ranar da aka ba ki kafin ki hau mota, ki tafi da takardun gwajinki duka, da inhela biyun nan a jakar hannu, ba a cikin akwatin da ke bayan mota ba.